Minti Saba'in a Gefen Fili

Takardar wayar tangaraho ta iso maɗaba'a da hantsi ranar Talata, Attahiru yana tsaye a gaban akwatin baƙaƙe yana jera wata sanarwa ta allurar shanu. Shugaban sashensu ne ya kawo masa ita da kansa, yana murmushi tun daga nesa. Attahiru ya goge tawadar hannunsa a jikin tsumma ya karɓa. Ko bai buɗe ba ya san abin da ke ciki, don wannan ce ta biyar irinta cikin shekara shida. Ana nemansa a Ikko nan da kwana takwas, za a zaɓi 'yan ƙwallon da za su tsaya wa Nijeriya a karawa da mutanen Ankara, maƙwabtansu na yamma a gaɓar teku.

Abokan aiki suka kewaye shi suna taya murna. Ya amsa wa kowa yadda ya kamata, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya koma kan allurar shanu. Da aka tashi aiki ya hau kekensa daga Tudun Jukun ya nufi gida, yana taka feda da ƙafar dama, ta hagu tana bi kawai.

Gidansu a Tudun Wada ba ɓoyayye ba ne. Ko baƙo ya sauka ya ce a kai shi gidan 'yan wasa, ba za a tambaye shi wanne ba. Kakansa ɗan kokawa ne. Mahaifinsa, Ɗantsoho, shi ma ya gaji fage, ya yi shekara goma sha bakwai bayansa bai taɓa ƙasa ba, tun daga ƙasar Zazzau har cikin ta Katsina. Yanzu tsufa ya zo, ƙugu ya riƙe, a zaune yake salla, amma in ya kama hannunka don gaisuwa sai ka ji a jikinka. Wan Attahiru kuwa, Kailani, ɗan tsere ne a zamaninsa, kofunan gudun mil uku suna nan jere a ɗakinsa. Shi ya yi sa'a ya bar gudu da ƙafafunsa lafiya, ya zama malamin motsa jiki, ya ajiye tumbi da fara'a. Attahiru ne ya kauce ya bi tamola. Tun yana buga ta tsumma a lungu ba takalmi, har ya zama ɗan gaba na ƙungiyar gari, mai lamba tara, har sunansa ya kai Ikko. Ranar da ya fara sa jar rigar ƙasa yana da shekara ashirin da huɗu, ya kuma ci ƙwallo a ranar.

Yanzu yana da talatin. Tun farkon damina, a wani wasa da suka yi da mutanen Jos, gwiwarsa ta hagu ta gurɗe, ba ta kuma koma daidai ba. In ya yi wasa ranar Asabar, sai ta tara ruwa ta kumbura har Laraba. Matarsa Sakinatu ce kaɗai ta san iyakar abin, don ita ke dafa ruwan gashi, ta shafa man kaɗanya, ta ɗaure da tsohon ɗankwali. Da ya nuna mata wayar ba ta ce barka ba, ba ta ce kaico ba. Ta dubi gwiwar, ta dube shi, ta tambaye shi ko ya gaya wa Baba. Ya ce yanzu zai je, kuma abin da zai gaya masa shi ne wannan karon ba za shi ba. Ba gwiwar kaɗai ba ce. Ya gaji da kwana biyu a jirgin ƙasa, ya gaji da abincin da ba nasa ba, ya gaji da wannan faɗuwar gaban da ke zuwa kafin a busa usur, wadda a da take masa daɗi.

Bayan la'asar ya fita zaure. Ashe labari ya riga shi, wani daga maɗaba'a ya tsegunta wa Kailani, Kailani kuwa ba ya riƙe albishir. Zauren cike da maƙwabta, Baba Ɗantsoho yana kishingiɗe a kan buzunsa. Tsohon bai taɓa zuwa kallon ƙwallo ba ko sau ɗaya. A wurinsa, ƙarti ashirin da biyu su taru suna bin fata guda, ba mai kama wani, ba mai kā da wani, wannan aikin yara ne. Amma kira kira ne, ya san darajarsa. Attahiru ya durƙusa ya gaishe shi, ya jira mutane suka ragu, sannan ya fara kewaye-kewaye, yana cewa aiki ya yi yawa a maɗaba'a, ga kuma yara sababbin jini sun taso a ƙasar, ya kamata a ba su wuri.

Tsohon ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "A gidan nan ba a kiran mutum fage ya ce ba ya nan. In za a kā da kai, a kā da kai kana ciki."

Maganar gwiwa tana bakin Attahiru, sai ya dubi yadda tsohon ke dafa bango kafin ya gyara zama, ya haɗiye ta. Ya ce to.

Ranar Asabar ya shiga jirgi. Ya san hanyar kamar tafin hannunsa: Kaduna, Minna, gadar Jebba, Ilori, Badun. A tafiyarsa ta farko bai zauna ba, yana manne da taga yana ƙirga tashoshi. Wannan karon ya miƙe ƙafar a kan akwatinsa ya rufe ido, in jirgi ya tsaya ya buɗe, ya ga masu tallar lemo da ayaba, ya sake rufewa. Tun daga Ilori iska ta fara nauyi, kafin su isa Ikko rigarsa ta manne da bayansa.

An sauke su a ɗakin kwanan wata makaranta da ke hutu, su ashirin da shida. Da ya duba fuskoki, uku kaɗai ya sani. Sauran samari ne, wasu ko gemu ba su fara ba, suna tsalle a kan gadaje suna waƙa da harsunansu. Da aka gaya musu ko shi wane ne, suka zo suna gaishe shi da ladabi, ɗaya ma ya ce yana makarantar firamare ya ga ƙwallon da Attahiru ya ci a wasansa na farko. Yabo ne, amma sai Attahiru ya ji kamar an ɗora masa shekara goma. Wanda ya rage sa'ansa shi ne kyaftin, wani dogon Bayarabe ɗan baya, wanda ya taɓa aikin jirgi a Kano, yana jin Hausa gwargwado, kuma Malam yake kiransa.

Mai horarwa sabo ne, Bature, mai son gudu. Kullum da safe sai ya kwashe su zuwa bakin teku su yi ta zabga gudu cikin rairayi sanye da takalman ƙwallo masu nauyi. Attahiru ya bi, yana ɗaure gwiwa a ɓoye kafin kowa ya tashi. A kwana na huɗu aka raba su gida biyu don wasan gwaji, daga nan za a fid da goma sha ɗaya. A nan ya ƙulla shawara a ransa: zai yi wasa sanyi-sanyi, a bar shi a baya, ya koma gida ya ce an gwada an ɗauki wasu. Ya amsa kira ke nan, ba wanda zai ce ya gudu.

Amma ƙafa ba ta san shawara ba. Minti goma da farawa ƙwallo ta faɗo tsakaninsa da ɗan baya, kafin ya yi tunani ya riga ya juya ya ɗirka ta cikin raga. Can wajen ƙarshe kuma aka bugo kwana, ya tsinci kansa a daidai inda ƙwallon za ta sauka, don shekara goma sha ɗaya ke nan yana tsintar kansa a irin wurin, ya sa mata goshi ta wuce. Da yamma aka manna sunaye a jikin ƙofa. Lamba tara, Attahiru, Zariya. Yaron da suke neman wurin tare, wani ɗan Kalaba mai gudu kamar barewa, ya zo ya ba shi hannu idanunsa jawur. Attahiru ya so ya ce masa da da hali da sun yi musaya, amma ya san yaron zai ɗauka ba'a ce.

Ranar wasa filin ya cika tun azahar, har kan itatuwa mutane. Aka fara da zafi. Mutanen Ankara suna da wani ɗan baya gajere mai faɗin ƙirji kamar rumbu, shi aka sa ya tsare Attahiru, duk inda ya juya yana jin numfashinsa a ƙeya. Wajen minti na ashirin aka ɗago ƙwallo sama, suka yi tsalle tare. Mutumin bai yi masa mugunta ba, kafaɗa ce kawai ta gogi kafaɗa. Attahiru ya sauko a kan ƙafar hagu ita kaɗai, ya ji wani ƙas a cikin gwiwar, kamar an karya ɗanyen kara. Ya yi ƙoƙarin tashi, ƙasa ta ƙi sakinsa.

Aka ciccibe shi zuwa bayan layi. Mai ba da magani ya zo da bokiti da soso, ya taɓa wurin, ya girgiza kai, ya naɗe da bandeji tamau. A dokar wancan zamani ba a canja ɗan wasa. In mutum ya fita, ya fita ke nan, 'yan'uwansa su ƙarasa su goma. Kyaftin ya rugo ya tsuguna a kansa, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Ya ce, "Malam, ba gudu, ba komai. Tsaya can gefe kawai. In kana ciki, dole su bar mutum ɗaya ya duba ka."

Mai magani ya yi wata magana da Turanci da sauri, yana nuna gwiwar, kyaftin bai ko waiwaye shi ba. Attahiru ya ji abin da mutumin ya ce sarai. Ya dafa kafaɗar kyaftin ya miƙe, ya ɗingisa ya koma fili, ya tsaya a gefen dama kusa da layi. Jama'a suka yi masa tafi.

Tafin bai daɗe ba. Wasa ya koma tsakiya da gefen hagu, aka manta da shi. Yana tsaye taku uku daga igiyar da ta tare 'yan kallo, yana jin hirarsu, yana jin ƙamshin soyayyar ayaba daga wajen wata mai talla. In wasa ya matsa gaba, ya ja ƙafa ya matsa. In ya dawo, ya ja ƙafa ya dawo. Kowane taku sai ya ji kamar ƙashi na niƙa ƙashi. Ya daina kallon ƙwallo, ya koma kallon inuwar rumfar manyan baƙi yadda take rarrafowa a kan ciyawa, yana auna sauran lokaci da ita. Ankara suka ci ɗaya, bai ga yadda aka yi ba, kukan jama'a ne ya gaya masa.

Da aka tafi hutun rabin lokaci bai zauna ba, don ya san in ya zauna ba mai tashe shi. Ya jingina da bango ya tsotsi ɓarin lemo, gwiwar ta cika bandeji har tana tsattsafowa ta sama da ƙasa. Mai horarwa ya zo ya dafa shi ya ce masa jarumi ne, ya wuce wajen masu ƙafa.

A zagaye na biyu mutanen Ankara suka gane babu abin tsoro a wurinsa, suka janye mai tsaronsa suka ƙara a gaba. Dabarar kyaftin ta tashi a banza ke nan, amma ba wanda ya ce masa ya fita, shi ma bai ce ba. Nijeriya suka rama ɗaya daga bugun fenariti, fili ya ɗauka, samari suka rungume juna can nesa da shi. Wani daga cikin 'yan kallo ya fara yi masa tsiya, yana tambayarsa ko gadin layi aka ɗauke shi, wasu suka yi dariya, wasu suka tsawata wa mutumin.

Saura kamar minti biyar, ƙwallo ta kuɓuce daga cunkoso ta gangaro gefensa. Ya ja ƙafa ya shigo ciki ya tare ta, ba kowa kusa da shi. Tsakaninsa da raga bai fi taku goma sha biyar ba, gola kaɗai ne a gabansa, shi ma ya karkata wancan ɓangaren. Filin duka ya miƙe tsaye. Irin wannan ƙwallon ya ci ta ba adadi, ya san kusurwar da za ta shiga tun kafin ta iso. Ya kafa ƙafar hagu, ya ɗaga ta dama. Ta hagun ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ƙwallon ta taɓa gefen takalminsa ta mirgina a hankali, gola ya sunkuya ya ɗauke ta kamar mai tsintar ƙwai. Wani dogon nishi ya fito daga bakin dubban mutane lokaci guda. Attahiru ya tashi da hannu da gwiwa ɗaya, ya koma wurinsa ya tsaya har aka busa tashi. Aka rabu kunnen doki.

Washegari aka kai shi asibiti. Likitan dattijo ne, ba mai yawan magana ba. Ya juya ƙafar nan, ya juya can, ya zuƙe ruwan da allura, sannan ya tambayi minti nawa ya yi a kanta bayan ya ji ciwon. Da ya ji saba'in, sai ya cire tabarau ya murza ido. Ya bayyana masa cewa jijiya ce ta tsinke, kuma da ya fito nan take aka ɗaure, da wata uku ko huɗu ya warke, wataƙila har ya koma wasa. Amma tsayuwar da jan ƙafar sun cinye abin da ke tsakanin ƙasusuwan. Zai yi tafiya, da ɗingishi. Ƙwallo kam ta ƙare.

Attahiru ya jira baƙin ciki ya zo. Abin da ya zo masa maimakon haka wani sauƙi ne, irin na ɗan dako da aka sauke wa kaya, har ya ji kunyar kansa, ya sunkuyar da kai kada likita ya gani a fuskarsa.

Kwana biyu a jirgi da ƙafa cikin filasta ba abin da za a so wa maƙiyi ba ne. A tashar Zariya Kailani ya tarye shi da motar wani abokinsa, shi da direba suka tallafo shi daga tarago. A hanya Kailani ya ba shi labarin yadda suka saurari wasan. An taru a zaure gaban akwatin rediyo, mai bayani yana yi da Turanci, shi yana juya wa Baba da Hausa. Bayan an ce Attahiru ya ji ciwo, sai sunansa ya ɓace daga bakin mai bayanin, ba a sake jin sa ba sai sau ɗaya can ƙarshe, shi ma cikin hayaniya. Baba ya yi ta tambaya yana ciki ko ya fita, Kailani ya ce bai sani ba. Tun ranar tsohon bai ci abincin kirki ba.

Suka shigar da shi zaure suka zaunar a kan tabarma, ƙafar a miƙe don ba halin durƙuso. Ya gaida mahaifinsa. Tsohon ya amsa, ya daɗe yana kallon farar filastar, bai tambayi abin da likita ya ce ba, bai tambayi ci nawa aka yi ba.

Ya ce, "Ka fita?"

"Ban fita ba, Baba."

"Har aka tashi?"

"Har aka tashi."

Ɗantsoho ya gyaɗa kai sau biyu. Ya miƙo hannun nan nasa ya kama na Attahiru ya riƙe, ya daɗe bai saki ba. Sannan ya ce a kawo masa tuwo, a kuma aika a kira Nagoda maɗori ya zo ya duba aikin da Turawa suka yi. A shekara shida, duk ƙwallayen da Attahiru ya ci wa ƙasa ba wadda ta sa tsohon ya kama hannunsa. Daga ranar kuwa, duk wanda ya shigo zaure sai ya ji labarin, yadda ɗansa ya tsaya da ƙafa ɗaya a gaban mutanen Ikko ya ƙi fita. In ya zo wurin sai muryarsa ta ɗaga kamar ta da.

Maganar likita Attahiru bai gaya wa kowa ba sai Sakinatu, ita ma sai bayan kwana uku, da rana tana tsince shinkafa a ƙofar ɗaki. Ta saurara hannunta bai tsaya ba. Da ya gama ta fid da wani ɗan dutse ta jefar.

Ta ce, "Da ka fito, da ƙafa ta warke, Baba ne da ba zai warke ba. Allah Ya sa haka ne mafi alheri."

Nagoda ya zo ya yi nasa bayan an cire filasta, ya ja, ya murza, ya tofa, ya ɗaure da karare. Ƙafar ta warke iyakar yadda likita ya faɗa, ba ta ƙara ba. Bayan wata uku Attahiru ya koma maɗaba'a, aka sa kafinta ya yi masa doguwar kujera don ya riƙa jera baƙaƙe a zaune. Daga Ikko aka aiko da takardar godiya da hoton ƙungiya, Kailani ya kai aka sa masa gilashi ya rataye a zaure. Shugabannin ƙungiyar gari suka zo har gida suna roƙon ya riƙa koya wa 'yan gaba, ya ce su ba shi lokaci. Suka sake dawowa, ya sake cewa su ba shi lokaci, suka gane.

Filin ƙwallon gari ba shi da nisa da gidan, in iska ta juyo ana jin komai. Ranar Asabar ɗin da aka buɗe sabuwar kakar wasa, Attahiru ya yi sallar la'asar ya shiga ɗaki ya kwanta, ya ɗora ƙafar a kan matashi. Yana jin jama'a daga nan. Ba ya bukatar kowa ya gaya masa abin da ke faruwa: wannan ihun na kwana ne, wannan gola ne ya kaɗe, wannan nishin kuwa wani ne ya ɓarar a gaban raga. Ya bi wasan da kunne har wajen minti ashirin. Da Sakinatu ta leƙo don ta tambaye shi ko zai sha kunu, ta tarar barci ya ɗauke shi, ta saki labule ta hana yara shiga.